Ingancin wutar ma abin dubawa ne

Assalamu alaikum. Na karanta wani labari kan binciken da masana ke yi game da ingancin wutar lantarki idan aka haɗa ta rana da ta iska a babban layi. Ni mai gyaran wuta ne a Jidda, matsalar ingancin wutar nan ina cin karo da ita a wurin aiki. Inbata ce ke juya wutar faifan sola ta zama irin ta gida, in kuwa ba mai kyau ba ce sai ta gurɓata wutar, ka ji injin na'urar sanyaya ɗaki yana gurnani, ka taɓa shi ka ji zafi kamar garwashi. Ga ƙura kuma, da rana ta ɗan dusashe sai ƙarfin wutar ya faɗi nan take.

A nan Saudiyya, tashar wutar rana ta Sakaka megawat 300 ce, ta iska a Dumatul Jandal 400, kuma Saudiyya na so rabin wutarta ya fito daga irin waɗannan hanyoyi kafin 2030. To tunda ƙarfin rana da iska na hawa da sauka, wa zai riƙe layin daram a kan hez 60, wato juyawa sau 60 a daƙiƙa da wutar Saudiyya ke yi? Ni dai ina ganin sai manyan batura.

'Yan'uwa masu sayen firij a nan ku kai gida, ku duba jikinsa ku ga ko yana aiki da hez 50, don wutar Najeriya hez 50 ce.