Ba bakin bindiga kaɗai ya fitar da Faransa daga Aljeriya ba

Duk sanda aka ɗauko zancen Aljeriya, abin da ake fara ambato shi ne jarumtar mujahidai da yawan shahidai. Jarumtar gaskiya ce, babu mai musun ta. Amma duk mai son ya gane yadda Faransa ta tattara komatsanta a 1962 bayan shekara 132, sai ya haɗiye wata magana mai ɗaci: a fagen daga, sojan Faransa ya gama karya lagon mayaƙan cikin gida tun wajen 1960. Abin da ya kai su ga 'yanci shi ne tsari, da kuɗi, da iya kai kuka gaban duniya. Ina ganin tauye wa mutanen nan haƙƙi ne a yi ta yabon ƙarfin zuciyarsu a bar kaifin tunaninsu.

Faransa ba ta ɗauki Aljeriya kamar sauran ƙasashen da ta mallaka ba. Tun 1848 ta mai da ita lardunan Faransa, kuma zuwa 1954 Turawa kusan miliyan ɗaya ne ke zaune a ƙasar, Musulmi kuwa sun kusa miliyan tara. Dokar 1947 ta kafa majalisa mai kujera 120, aka raba 60 da 60 tsakanin ɓangarorin biyu, sannan aka zo zaɓen 1948 gwamna Naegelen ya sa aka tafka maguɗi a rabin da aka ba Musulmin. Kafin wannan, a Mayun 1945, an kashe dubban mutane a Setif da Guelma bayan tarzomar da Turawa kusan 100 suka mutu. Waɗanda suka ɗauki makami sun ɗauka ne bayan sun ga ƙarshen akwatin zaɓe.

Daren 1 ga Nuwamba 1954, da aka fara yaƙin neman 'yanci, ba wani babban yaƙi aka yi ba. Hare-hare ne warwatse, mutanen da suka mutu ba su fi goma ba, makaman kuma galibi bindigogin farauta ne da ragowar na yaƙin duniya na biyu. Ƙungiyar FLN, wadda ta ja ragamar yaƙin neman 'yancin, ba ta zama abin tsoro ba sai bayan taron kwarin Soummam na 20 ga Agusta 1956, wanda Abane Ramdane ya ja ragamarsa. A can aka raba ƙasar zuwa wilaya shida: Aures, arewacin Constantine, Kabiliya, yankin Aljiyas, Oran, da Sahara. Kowace wilaya aka yanka ta zuwa mandiƙa, mandiƙa zuwa nahiya, nahiya zuwa ƙasma. A kowane mataki akwai shugaba ɗaya da mataimaka uku, na soja, na siyasa, da na leƙen asiri da sadarwa. Rundunar ma aka ƙayyade mata adadi: fauji mutum 11, firƙa 35, katiba 110, failaƙ 350. Aka bambanta mujahidi mai kaki da musabbili, wato ɗan ƙauyen da ke noma da rana, da dare ya kai abinci ko ya sare turakun waya, da kuma fida'i mai aiki a birni. Taron ya kafa ƙa'ida biyu: siyasa ce gaba da soja, na cikin gida ne gaba da na waje. Ku riƙe wannan, domin duka biyun an take su daga baya, kuma shi Abane abokan tafiyarsa ne suka kashe shi a Maroko a Disambar 1957.

Kuɗin fa? Mutane na zaton Masar ce ta ɗauki nauyin komai. Shugabanta Nasser ya taimaka da makami da rediyo, amma kaso mafi tsoka na kuɗin ya fito ne daga aljihun leburorin Aljeriya sama da 300,000 da ke aiki a masana'antu da wuraren gini a cikin Faransa kanta. Kowane ma'aikaci na da abin da yake biya duk wata, mai shago da mai otal nasu ya fi yawa. Mai karɓa ya miƙa wa na sama da shi, har kuɗin su taru a Paris, daga nan wasu Faransawa masu goyon baya, irin mutanen Francis Jeanson da aka gurfanar a 1960, su fitar da su a akwatuna zuwa bankunan Suwizalan. Karɓar ba ta lalama ba ce. Wanda ya ƙi biya a ci shi tara, wanda ya nace ya iya rasa ransa, kuma rikici kan wa ke da ikon karɓa tsakanin FLN da magoya bayan Messali Hadj, jagoran wata ƙungiyar 'yan kishin ƙasa mai hamayya da ita, ya ci rayukan 'yan Aljeriya kusan 4,000 a ƙasar Faransa. A Melouza cikin Aljeriya, a Mayun 1957, mayaƙan FLN sun kashe maza sama da 300 a kan wannan gaba. Wanda ke ƙaunar wannan gwagwarmaya bai kamata ya ɓoye wannan ba.

Inda lissafin soja ya rushe shi ne hanyar makami. A Oktoban 1956 Faransa ta kama jirgin ruwan Athos ɗauke da makamai kusan tan 70 daga Masar, don haka sai dogaro ya koma kan iyakokin Tunisiya da Maroko, waɗanda suka samu 'yanci a watan Maris na shekarar. Sabbin mayaƙa su taka da ƙafa makonni daga Kabiliya zuwa Tunisiya hannu rabbana, a horar da su, su dawo kowa da bindiga da harsasai a baya. Faransa ta amsa da shingen Morice a iyakar Tunisiya a 1957: waya mai wutar lantarki bolt 5,000 a tsawon ɗaruruwan kilomita, waya mai ƙaya gaba da baya, filin nakiyoyi, da hanyar sintiri da motocin sulke ke bi dare da rana, ga soja kusan 80,000 a jibge. Wutar ba ita ce ainihin makamin ba. Da zarar an yanke wayar, na'ura a sansani ta nuna daidai inda aka yanke, manyan bindigogi su fara luguden wurin, kafin gari ya waye jirage masu saukar ungulu sun sauke soja a gaban waɗanda suka tsallake. An gwada almakashi mai roba a hannu, an gwada haƙa rami ta ƙasa, an gwada fasa shingen da bama-bamai, an gwada kai harin yaudara a wani wuri a tsallaka ta wani. Tsallakawar kan yiwu. Tserewa kafin hantsi ce ba ta yiwuwa. A ƙarshen Afrilun 1958 FLN ta tura babbar runduna ta wajen Souk Ahras, ɗaruruwa suka mutu cikin 'yan kwanaki, daga nan aka daina yunƙurin tsallaka da taro.

A birnin Aljiyas ma an sha kashi. Yacef Saadi ya tsara mutanensa uku-uku, kowa ya san na sama da shi ɗaya da na ƙasa biyu, kuma bama-baman da suka dasa a wuraren shan shayi sun kashe fararen hula, kamar yadda bam ɗin Turawa 'yan ta'adda ya kashe mutanen unguwar Kasba kafin nan. Yajin aikin kwana takwas da aka fara 28 ga Janairu 1957, don ya dace da zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tona asirin ƙungiyar, domin duk wanda ya rufe shago ya nuna kansa. Sojan laima na Janar Massu suka sa wa gidaje lamba, suka naɗa mai kai rahoto a kowane layi, suka riƙa azabtar da kamammu da lantarki da ruwa cikin sa'o'in farko, kafin abokansu su sauya maɓoya. Zuwa Oktoba an gama da tsarin. Sai dai Paul Teitgen, babban jami'in da ke kula da 'yan sandan birnin, ya ajiye aiki ya ƙirga mutum 3,024 da suka ɓace. Labarin azabtarwar ya isa Paris da Amurka, kuma bai sake barin Faransa ta sarara ba.

Sai shirin Janar Challe daga Fabrairun 1959. Maimakon a shiga dutse a fita, ya tara runduna mai yawa ya bi wilaya ɗaya bayan ɗaya daga yamma zuwa gabas, a zauna watanni, 'yan ƙasar da ke yi wa Faransa aiki su bi sawu, jirage su kawo ɗauki. An kwashe ƙauyawa kusan miliyan biyu aka zuba a sansanoni, aka ayyana garuruwansu wuraren da duk abin da ya motsa a harbe, don mayaƙa su rasa mai ba su abinci. Rahoton Michel Rocard na 1959 ya bayyana yadda yara ke mutuwa da yunwa a sansanonin. Ga kuma makircin leƙen asirin Faransa, da ya riƙa sakin takardun bogi masu nuna wai akwai maciya amana, har Kanar Amirouche na FLN ya hallaka ɗaruruwan mutanensa a wilaya ta uku, yawancinsu masu ilimi. Katibobi suka farfashe zuwa gungun mutum goma-goma, harsashi ya zama abin ƙirgawa.

To, ta yaya wanda ya yi duk wannan nasara ya fita? Kowace nasara sai da ta ci masa wani abu a wani fagen. A 8 ga Fabrairu 1958 jiragen Faransa suka yi ruwan bam a Sakiet Sidi Youssef cikin Tunisiya ranar kasuwa, mutum kusan 70 suka mutu har da 'yan makaranta. Amurka da Ingila suka shigo sulhu, gwamnati ta faɗi a Paris, rikicin ya dawo da Janar de Gaulle kan mulkin Faransa. A Satumba FLN ta kafa gwamnatin wucin gadi a Alƙahira ƙarƙashin Ferhat Abbas, wakilanta a New York suna bin jakadu ɗaya bayan ɗaya. Har ƙwallo an yi yaƙi da ita: a Afrilun 1958 su Rachid Mekhloufi da Mustapha Zitouni suka sulale daga Faransa ana gab da gasar cin kofin duniya, suka kafa ƙungiyar ƙwallo ta FLN. Ita kuwa Faransa tana riƙe da soja sama da 400,000, yawancinsu samarin da aka tilasta wa aikin soja har wata 27, kowanne da uwa mai ƙuri'a. A Disambar 1960, lokacin da janar-janar ke cewa an gama, talakawan Aljiyas suka fito da tutar kore da fari a gaban 'yan jaridar duniya, kuma cikin kwanaki Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da haƙƙin 'yan Aljeriya na zaɓar makomarsu. Da Challe da wasu janar uku suka yi yunƙurin juyin mulki a Afrilun 1961, ƙananan soja suka ji jawabin de Gaulle ta 'yan rediyonsu suka ƙi bin umarni.

A teburin sulhu ma wakilan FLN sun nuna gwaninta. Faransa ta so ta riƙe Sahara, saboda man da aka gano a Hassi Messaoud a 1956 da wurin gwajin nukiliya na Reggane. Suka ƙi, suka bari tattaunawar 1961 ta watse, sai da de Gaulle ya sauko. Aka sa hannu a Evian 18 ga Maris 1962, aka yi ƙuri'ar raba gardama 1 ga Yuli, sama da kashi 99 cikin ɗari suka ce eh. Aljeriya na cewa shahidanta miliyan ɗaya da rabi ne, masana tarihin Faransa na cewa tsakanin 300,000 da 400,000. Turawa kusan duka suka bar ƙasar, dubun-dubatar 'yan ƙasar da suka yi wa Faransa soja aka yasar da su aka kashe.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da shingen Morice ya yi wa siyasar ƙasar. Makaman da suka kasa shiga sun taru a hannun rundunar bakin iyaka, wadda Houari Boumediene ya horar ya tsara tun 1960, alhali na cikin duwatsu suna ƙarewa. Da aka buɗe iyaka a 1962, wannan runduna ce ta shigo da ƙarfinta, ta mara wa Ben Bella, ɗaya daga cikin jagororin FLN, baya, ta ture gwamnatin wucin gadin da ta yi sulhun, ta gwabza da ragowar mayaƙan cikin gida a hanyar Aljiyas, mutanen birni suna zanga-zanga suna cewa shekara bakwai ta isa. A 19 ga Yuni 1965 Boumediene ya kifar da Ben Bella shi ma. Nakiyoyi kusan miliyan 11 da aka binne a iyakokin biyu kuwa sun ci gaba da cire ƙafafun makiyaya da yara, kuma Faransa ba ta miƙa taswirar inda ta binne su ba sai 2007.