Makonmu a Manchesta: tuwon semo, ƙwallo, da maganar littafin yara

Salamu alaikum mutanen Katsina ta Dikko ɗakin kara, da fatan kowa ya ga wannan makon lafiya. Mu dai nan Manchesta sai godiya, sanyi ya kankama sosai, kuma mun shiga lokacin nan da yini ba shi da auki, kafin ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi, gari kuma ba ya gama wayewa sai bayan takwas. Ana tashin yara daga makaranta wajen uku da kwata, kafin mu tako gida an kunna fitilun titi. To kun ga dare ne mai tsawon gaske kuma duk a ɗaki ake cinye shi, shi ya sa labarin makonmu ba ya wuce me aka ci, me aka kalla, me aka karanta.

Abinci dai Litinin zuwa Alhamis na sauri ne, taliya, dafa-duka, shinkafa da wake da mai da yaji, ranar da na gaji kuwa indomi da ƙwai kowa ya kama gabansa. Ranar Asabar ce ranar tuwo, shi ma na semo ne don garin dawa ko masara irin namu na niƙa sai dai a mafarki. Kukar da aka kawo mini daga gida ta kusa ƙarewa, yanzu da cokali nake aunata. Daddawa kuwa leda uku na ƙulle ta na tura can ƙasan firiza, don in na kaɗa miya sai na buɗe taga duk sanyin nan saboda kar ƙamshin ya sauka wajen maƙwabta, mu ƙamshi muke ji su ban san me suke ji ba. In kuma na bari manja ya ɗan yi hayaƙi sai ƙararrawar gobara ta silin ta hau ihu, auta ya toshe kunne, ni kuma in ɗauki tawul ina fifita ta har ta yi shiru. Nama alhamdulillahi ba matsala, akwai mahautan halal 'yan Pakistan a Cheetham Hill da Longsight, har kai da ƙafa da kayan ciki ana samu. Shagunan 'yan Afirka kuma yawanci na Yarbawa ne da Ibo da mutanen Gana, gari da agushi da busasshen kifi har ba a magana, amma ki ce kuka ko kanwa ungurnu sai a tsaya ana kallonki. Zogale na gani a wani shagon magani an niƙa shi an zuba a 'yar kwalba da kuɗi mai tsada, na tsaya ina dariya ni kaɗai, abin da a gidanmu yake bayan ɗaki, a tsinko a dafa a kwaɗa da ƙuli.

Fura ce dai ta gagare ni. Ina sayen garin gero wajen Indiyawa in dafa in sa citta da kanunfari in markaɗa a blanda da yogot, ana sha, Abban yara ma yana yabawa don kar in ji haushi, amma ni na san wannan ba ita ba ce.

Abin da ya fi tsaya mini a harkar girkin nan shi ne awo. Nan mu biyar ne, faranti biyar nake dafawa, ba wanda zai yi sallama ana cikin ci, in ma baƙo zai zo to tun mako guda an san da zuwansa. A gidanmu na wajen Ƙofar Marusa ban taɓa ganin an ƙirga baki kafin a ɗora tukunya ba, akwai kwanon almajiri, akwai na tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, akwai tiren Baba da ake fitarwa ƙofar gida su yi ciyayya da abokansa bayan isha'i, kuma dole a rage wani abu a ƙasan kula ko wani zai faɗo. Na san yanzu abin ya ja baya, Hajiya ta ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya koyi awo, ga manoman wajen Batsari da Jibiya da Safana da rashin tsaro ya hana da yawansu zuwa gona, Allah Ya kawo mana ƙarshen abin. Amma ko a haka ba a daina miƙa kwano ta katanga ba. Abu ɗaya da zan yaba wa zaman nan shi ne uba ya zauna ya ci abinci tare da ɗiyansa yana jin shirmensu, ni har na yi aure ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da Baba ba, kuma da na ga yadda yaran nan ke sakewa da ubansu a kan tebur na san akwai abin da ya wuce mu.

Kallo ba wani abin kirki. Ni ina bin fim mai dogon zango a YouTube ina wanke-wanke, wani lokacin in saki Shata a kicin, Abban yara kuma ƙwallo. Abin dariya shi ne muna zaune garin United da City amma a talabijin yake kallo kamar kowa, tikiti tsada ga wuyar samu, kuma ƙanena da ke kallo a gidan kallo can Ƙofar Ƙaura ya fi maƙwabcinmu Bature sanin wa aka saya wa aka sayar. In aka ci United kafin alƙalin wasa ya hura tashi wayar Abban yara ta fara ruri daga Katsina. Bikin 'yar ƙanwar Hajiya ma ta bidiyo kol na halarta, na ga anko, na ga rabin fuskar amarya, netwok ya ɗauke.

To yanzu ga maganar da ta sa na zauna rubutun nan. Karatu.

Kowane yaro a firamare a nan yana da 'yar jakar littafi daban da yake dawowa da ita gida, a ciki akwai littafin labari daidai ƙarfinsa da wani ɗan littafin da uwa ko uba zai sa hannu cewa an karanta, shafi kaza zuwa kaza, in ya yi tuntuɓe a wata kalma ki rubuta. Malama tana dubawa, in kwana biyu ba sa hannu za ta tare ki a bakin get da murmushinta ta tambaya ko lafiya. Ranar Asabar da safe kafin in ɗora tuwo muna zuwa laburaren unguwa. Kati kyauta ne, har jariri ana yi wa. Akwai lungun yara da kafet da akwatunan littafi a ƙasa daidai tsayinsu, auta da bai iya karatu ba yana zama ya baje su yana kallon hoto yana ƙirƙiro nasa labarin, babbar kuma ta ɗebo tuli sai na ce ta rage don ni ce mai ɗauka. Ta ɗora su a kan na'ura, ta yi ƙit, ta fito da 'yar takarda mai ranar dawowa, shi ke nan mun tafi, ba wanda ya tambaye mu sisi. Kuma abin ba yau aka fara ba, tun 1850 Turawan Ingila suka yi dokar da ta ba garuruwa damar buɗe laburare da kuɗin haraji, Manchesta ta buɗe nata a 1852. Su ma ba wai komai lafiya ba, ƙananan hukumomi na kukan kuɗi, an rufe wasu an rage wa wasu awanni, amma duk inda aka ce za a rufe sai kin ga tsofaffi da iyaye sun fito da kwalaye suna faɗa.

Ni kuma 'yar garin da ke alfahari da ilimi ce. Mu ne masu Gobarau, mu ne masu Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, a garinmu aka kafa Kwalejin Katsina a 1921 wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, ginin na nan an mai da shi gidan tarihi. Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933, yayansa Malam Bello Kagara ma ya shiga. Duk wannan in aka taɓo mu muna zayyano shi tiryan-tiryan. Amma har na gama sakandare ban taɓa riƙe katin aron littafi ba, kuma ban san ƙawata ko ɗaya da ta riƙe ba.

Kar wani ya ce Hausawa ba sa karatu, wannan maganar ba na yarda da ita ko kaɗan. Mun yi karatu wallahi. Mai shagon hayar littafi na unguwarmu ya ci kuɗin tararmu ba kaɗan ba, ki karɓo na ɗaya yau ki kwana kina karantawa da tocila a cikin bargo, gobe ki mayar ki tarar wata ta riga ki ɗaukar na biyu, ki yini kina jin haushi. Muna ɓoye shi a tsakiyar littafin boko ko ƙarƙashin hijabi. Waɗanda ba su iya karatun boko ba suna jin ana karanta littafi a rediyo. Yanzu kuma abin ya koma waya, grup-grup na WhatsApp, ki tura kuɗi a sa ki a ciki, marubuciya na sako shafi kullum ana sharhi ana faɗa a kan jarumai kamar 'yan uwan wani, ni kaina akwai wanda nake bi yanzu haka ba na barci sai na ga an sako. Ga karatun addini kuma da ba a wasa da shi, allo da safe, Islamiyya da yamma, hadda ranar Asabar da Lahadi. To masu karatu akwai su.

Inda ramin yake shi ne yaro ɗan shekara huɗu zuwa goma. Tsakanin allo da littafin makaranta da littafin soyayya na manya me muka ajiye masa? Littafi mai hoto mai launi, da Hausa, wanda zai ɗauka don daɗi kawai ba don jarrabawa ko tsoron bulala ba. Da can tatsuniya ce ke cike wannan gurbin, bayan isha'i a tsakar gida kaka ta ce ga ta nan ga ta nanku, a ce ta zo mu ji ta, har a kai ƙurunƙus. Yanzu kakar ma tana riƙe da waya, yaran kuma an miƙa masu katun. Ni abin ya dame ni ta fuska biyu, don nawa yaran suna karatu kamar me amma duk da Turanci, a laburaren nan na ga littafin yara da Urdu da Larabci da Somaliyanci, na duba na Hausa ban samu ba. Ina yi masu Gizo da Ƙoƙi da baki, suna so, amma babbar ta ce in nuna mata littafin, wai ita tana son ta ga kamannin Ƙoƙi.

Ranar Juma'a da daddare muka kira Hajiya, ɗan tsakiya na kwance da littafi a fuska, da kyar ya ɗago ya ce ina wuni ya koma. Hajiya ta ce, "Ke 'yar nan, wai su yaran nan ba su da aiki sai riƙon takarda? Ko gaisuwar kirki ba ki koya masu ba." Na ce, "Hajiya ku yi haƙuri, ana koyawa." Ta ce, "To a dai ƙara, karatun da ba gaisuwa ai da saura." Kuma gaskiyarta, don wani ɓangare na karatun yaran nan rashin abin yi ne, an kulle su a gida ba dandali ba langa ba carafke, ba a aikensu gidan kowa. Sa'ansu a Katsina ya san yadda zai durƙusa ya gai da babba, ya san cinikin kayan miya, ya san gidan gwaggo da na kawu da ƙafarsa. Wannan ba zan raina shi ba. Amma ban ga abin da zai hana yaro ya iya gaisuwa kuma ya samu littafin labari ba, ba kishiyoyi ba ne.

Na san za a ce ana fama da abin da za a ci wa ke ta littafi. Na ji, kuma akwai gidajen da wannan maganar gaskiya ce tsantsa. Amma mu da muke fitar da anko kala uku a biki ɗaya, muke sa data kullum, ba mu da wannan uzurin. Kuma ni ba gwamnati nake jira ta gina mana irin na Turawa ba. Kowace unguwa a Katsina tana da Islamiyya, akwai ɗaki, akwai malamai, iyaye sun yarda da wurin, yara na zuwa da ƙafarsu. Abin da ake buƙata kawai kantar ajiye littattafai ɗaya da makulli, da littafin rajista, da malama ɗaya da za ta riƙa bayarwa ranar Laraba a dawo da shi ranar Asabar, tunda Alhamis da Juma'a dama hutu ne. Za a yaga wasu, wasu za su ɓace, nan ma ana yagawa. Babbar matsalar ma ita ce littafin da za a zuba a kantar, kuma nan ne nake kallon marubutanmu mata da ke iya rubuta shafi ɗari biyar a kan kishiya da uwar miji, don Allah a cikinku wata ta rubuta shafi goma sha biyu a kan akuyar da ta ɓace a kasuwar Mai'aduwa. Ga ɗalibai a jami'ar Umaru Musa da Alƙalam da kwalejin horar da malamai ta FCE, a cikinsu akwai masu zane a waya da za su yi hotunan, ga masu buga katin biki da kalanda cike da gari, injin da ya buga kalandar amarya mai launi zai buga littafin yara. Mu na waje da kullum ake ce mana a turo a turo, irin wannan in an tashi ni dai ina ciki, kuma na san matan Hausawa da yawa a nan da za su saya don nasu yaran.

Mako mai zuwa za a ba yara hutun Kirsimeti na wajen sati biyu, zan sha surutu. In akwai mai tahowa Ingila daga gida cikin watan nan don Allah a yi mini magana, ina son kuka da busasshiyar kuɓewa da kanwa, sannan duk wanda ya san inda ake sayar da littafin yara na Hausa mai hoto, a Katsina ne ko Kano ko Zariya, ya faɗa mini in tura a saya. Kar dai a sako kilishi ko man shanu, dokarsu ta hana shigowa da nama da kayan madara daga Najeriya, a filin jirgi za a karɓe.