Kare ya san akuya, amma akuyar wa?

Bara war haka, bayan an saki gonaki, na je gaisuwar rasuwa wani ƙauye da ke gefen Madarunfa, a jihar Maradi ta Nijar, na tarar ana zaman sulhu a ƙofar mai gari. Abin da ya tara jama'a jar akuya ce, an shimfiɗe ta a kan buhu, wuya da cinyar baya duk a yage. Mai ita wata dattijuwa ce, ta koma gefe ta yi tagumi. Mai karen kuwa saurayi ne, ƙeren farautarsa na hannu, sai rantse-rantse yake yi.

"Ranka ya daɗe, wallahi karen nan cikin awaki ya tashi. A gidanmu tare suke kwana, ko kallo ba su ishe shi ba."

Mai gari ya dube shi ya ce, "To ɗana, wannan da ke kwance aljani ne ya cije ta?"

Kowa ya yi dariya ban da tsohuwar. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron bai yi ƙarya ba. Maƙwabtansa sun shaida cewa 'yan awaki har tsalle suke yi a bayan karen nan yana kwance, bai taɓa ko gurnani ba. Ga kuma akuyar mutane a kan buhu, yara uku sun ga lokacin da ya kayar da ita a bakin burtali.

Duk rani sai an yi irin wannan zama a ƙauyukanmu, daga Jiratawa har Gidan Runji, kuma maganar ba ta wuce biyu. Mahalba su ce kare mai horo ya fi mutum sanin bambancin na gida da na daji. Masu dabbobi su ce kare kare ne, duk abin da ya gudu a gabansa nama ne. Na daɗe ina sauraron ɓangarorin nan, kuma ra'ayina shi ne kowannensu ya riƙe rabin gaskiya yana jifan ɗan'uwansa da ita.

In dai batun ganewa ne, ba a ja da kare. A cikin hancinsa akwai ƙwayoyin jin wari sama da miliyan 200, mu kuwa namu ba su wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Karen da ke bin sawun zomo a cikin karan gero, ya ratsa ta inda garke ya wuce da safe bai ɓata ba, ba shi ne zai rikita warin bunsuru da na gada ba. Yana bambanta akuya da barewa, yana ma bambanta akuyar gidansu da ta maƙwabta. A nan ɗin ne gizo ke saƙar. Mu ne muka raba dabbobi gida biyu, muka ce waɗannan na gida ne masu iyayengiji, waɗancan na daji ne, wanda ya kama nasa ne. Kare ba shi da wannan lissafi a kansa. Abin da ya sani shi ne "namu" da "baƙo". Akuyar da ya tashi yana shaƙar warinta a turke, wadda aka tsawata masa a kanta tun yana kwikwiyo, ta shiga cikin namu. Akuyar wani ƙauye da ya ci karo da ita a dawa, ta firgita ta zura da gudu tana kuka, ba ta da wannan alfarmar sai in an koya masa cewa haramcin ya haɗa da kowace akuya, a ko'ina.

Wanda ke shakka ya dubi zabo. Zabon gida da zabon daji jinsi ɗaya ne, kakanninmu ne suka kamo na dajin suka mai da shi na gida, kuma har yau bai gama yarda ba. Zabin gida kan yi nisa da gari wajen kiwo, su yi ƙwai a cikin sabara, su tashi fir in an matsa musu. To kare da aka yi wa kirari jiya don ya kamo zabo a dajin Baban Rafi, yau ya ga garken zabi a bayan gari, da wane malami zai yi shawara? Warin ɗaya, gudun ɗaya, kukan ɗaya. Mahalbin da ya ce karensa na bambanta su, abin da yake nufi shi ne karen ya gane a kusa da gida ba a yi, a nesa ana yi. Wuri ya koya, da fuskar ubangidansa.

Wani masanin halayyar karnuka ɗan Amurka, Raymond Coppinger, ya bayyana farautar kare a matsayin matakai da ke bin juna: ya hango, ya ƙura ido, ya yi sanɗa, ya bi da gudu, ya cafke, ya kashe, ya yaga. Kowane mataki shi ke kunna na gaba. Karnukanmu na farauta, dogayen nan masu siririn ciki, da danginsu na Azawak da Buzaye ke kiwo, da ido suka fi farauta. Motsi ke tayar da su. Da zarar abu ya zabura, ƙafa ta riga kai yanke shawara. Ɗan akuya ja, mai tsawon gada, ya fito daga cikin geza a guje da hantsi, ƙura ta tashi: a wannan daƙiƙar ba hanci ke aiki ba. Shi ya sa tsofaffin makiyaya ke cewa dabbar da ta tsaya ta fuskanci kare ta fi tsira a kan wadda ta ba shi baya. Tunkiya da ɗan akuya kuwa ba su san wani abu ba sai ba da baya.

Ba mu kaɗai ke fama ba. A Norwe, inda ake sakin tumaki su yi kiwo a daji ba makiyayi, masu bincike sun gwada karnukan farauta 138 da tumaki, suka wallafa sakamakon a 2001. Sun tarar jinsin kare na da tasiri: waɗanda aka saba farautar manyan namun daji da su sun fi kai wa tumaki hari a kan masu farautar tsuntsaye. Karnuka masu ƙarancin shekaru kuma sun fi tsofaffi zafin kai. Duk mahalbin Gobir zai ce ai wannan ba sai an je Turai ba. Karen bana shi ke maganin zomon bana, gaskiya ne, amma shi ne kuma ke jawo wa ubangidansa zaman ƙofar mai gari.

Akwai wani ɗan lokaci a rayuwar kwikwiyo, daga mako 3 zuwa wajen mako 12 da haihuwa, da yake yanke wa kansa su wane ne danginsa. Abin da ya saba da shi a wannan tsakani da wuya ya ɗauke shi abin farauta daga baya. A Namibiya tun 1994 wata ƙungiya ke amfani da wannan dabara. Ana kawo kwikwiyon wani babban kare na Turkiyya yana da kimanin mako 8, a sa shi cikin garken awaki, ya tashi yana ganin kansa ɗaya daga cikinsu, har ya riƙa kare su daga rabbi da dila. Fulaninmu na Dakoro da Bermo ba su jira wata ƙungiya ba, haka karnukan rugarsu ke tashi cikin 'yan maruƙa.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, mahalbi ne, kuma na ga yadda yake yi da idona ina yaro. Kwikwiyo ba ya zuwa daji sai ya yi wata da watanni yana bin sa da igiya. Ranar kasuwar ƙauye sai ya ja shi ya bi ta kasuwar dabbobi, cikin awakin da bai taɓa gani ba. Ya kai shi bakin rijiya lokacin da garken baƙi ke shan ruwa. Wani lokaci da gangan yake sa mu mu kora 'yan awaki su wuce a guje ta gabansa. Kunnen karen na miƙewa, kafin ya ɗaga ƙafa, kawu ya fizgi igiya ya daka masa tsawa guda. In ya kau da kai, sai ya jefa masa ɗan ƙashi ko ƙanzo. Na taɓa ce masa, "Kawu, ai bai yi komai ba tukuna." Ya ce, "Ɗana, in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi. A shinshinar ake hana shi." Kuma bai taɓa yarda da dukan kare bayan an dawo gida ba. Ya ce kare ba ya haɗa sandar magariba da laifin hantsi, sai dai ya koyi tsoronka, gobe ya yi ɓarnarsa inda ba ka gani.

Duk da wannan horon, kawu ba ya kai karnukansa farautar gayya sai da igiya a wuya har a fita gonakin gari, kuma a nan nake ganin babbar matsalar take. Farautar gayya ta rani, wadda samarin ƙauyuka uku ko huɗu ke haɗuwa da ganga da ƙere da gora, ta faɗo daidai lokacin da aka saki gonaki, dabbobin kowa na yawo suna kalar harawa da karmami ba mai tsaro. A zo da karnuka ashirin ko talatin, wasu na aro, wasu ba su taɓa ganin juna ba, da yawansu an hana su abinci tun jiya don su yi zafi. Ihu ta ko'ina. A cikin wannan hayaniya ko kare mai ladabi sai ya bi 'yan'uwansa, domin in ɗaya ya zabura sauran ba sa tambayar me ake bi. Sannan dajin ma ya ƙare. Barewar da kakanninmu ke ba da labari sai ka nausa arewa wajen gandun Gadabeji, wanda aka keɓe tun 1955, kuma can ba a farauta. Abin da ya rage mana a kudu zomo ne, da kurege, da gafiya, da 'yar fakara. Kare zai wuni yana gudu, ya gamu da akuya hamsin kafin ya tayar da zomo ɗaya. Wanda ya saki mayunwacin kare a irin wannan fili ya san abin da yake yi.

Abin mamaki, addini ya riga mu tsara maganar nan. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta ta kamo, da sharaɗin an koya mata. Malaman Malikiyya suka ce alamar kare mai horo ita ce in an cuna shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Samarinmu sun riƙe rabin farko sun yar da na biyu. Kowa na alfahari da karen da ke tashi kamar kibiya, ba ka jin mai alfahari da wanda ake kira yana tsakiyar gudu ya juyo. A mazhabar nan tamu kuma, zomon da kare mai horo ya kashe bayan an yi bisimilla halal ne, amma dabbar gida ba ta halatta ta wannan hanya. Akuyar da kare ya kashe ba a kai ga yanka ta ba mushe ce. Ke nan mai ita ta yi asara biyu, ba akuya ba nama.

Kada kuma a raina abin da aka rasa. Jar akuyar Maradi ba ƙaramar dukiya ba ce: fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, tana yawan haifar tagwaye, saboda ita aka kafa cibiyar kiwon awaki a Maradi tun 1963. A ƙauye kuwa yawanci ta mata ce. Ita ce asusun mace, ita ce kuɗin magani in yaro ya kwanta, ita ce gudummawar biki. Wata ma ba tata ba ce, ta habbanaye ce aka ba ta ta kiwata, ta haihu, ta mayar da uwar. Kare ya kashe irin wannan, ya bar mace da bashi.

Saboda haka ni ban karɓi uzurin "dabba ce, ba ta da hankali" ba, ban kuma karɓi "karena ya sani" ba. Na farko gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da ya sa alhakin ke kan mai hankalin. Na biyu ma gaskiya ne, iyakarsa turken gidanku. Dokar farauta ta Nijar ta ranar 29 ga Afrilu 1998 an yi ta ne don kare namun daji, ma'aikatan gandun daji ke riƙe da ita. Ta ɓangaren akuya kuwa, dokar da muka gada daga Faransa ta ɗora wa mai dabba biyan ɓarnar da dabbarsa ta yi, ko tana hannunsa ko ta kuɓuce masa. Amma wa zai ɗauki kuɗin mota zuwa birni a kan akuya ɗaya? Maganin na hannun masu gari da sarakunan dawa. Su sa a yi shela kwana biyu kafin gayya don mata su ɗaure dabbobinsu. Kare ya fita gari da igiya. Wanda aka taɓa kama karensa da jinin dabbar gida kada ya sake kawo shi gayya, don kare da ya ɗanɗana sauƙin kamun akuya da wuya ya koma wahalar zomo. In kuma aka yi ɓarna ba a gane karen wa ba ne, duk 'yan gayyar su haɗa kuɗi su biya. Na tabbata ranar da aka fara haka, samarin da kansu za su riƙa tace karnukan da ke bin su.

A zaman nan na gefen Madarunfa, mai gari ya sa dillalai biyu suka yi wa akuyar kuɗi kamar tana da rai, da la'akari da cikin da take ɗauke da shi. Uban yaron ya nemi a yi masa rangwame zuwa kasuwa biyu, tsohuwar ta yarda. Da za a tashi sai ta ce tana da magana ɗaya.

"Ranka ya daɗe, kuɗi na ji. Amma ina da sauran biyu a gida, kuma karen nan ya san hanya."

Da yamma da zan wuce tasha na bi ta ƙofar gidansu yaron. Karen na ɗaure a gindin bedi da sabuwar igiya, 'yan awakin gidan biyu na kwance a jikinsa suna tuƙa.