Motar sulke ba za ta tsare Shanono ba sai da hanya da bakanike

Tun da 'yan bindiga suka fara tsallakowa daga Katsina zuwa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa na jihar Kano a ƙarshen 2025, kira ɗaya ake ta yi: a kawo motocin sulke. Kiran yana da hujja, amma rabin maganar ke nan. Irin motar da za a kawo, da yadda za a riƙe ta, su ne sauran rabin.

Babbar motar sulken da ake kira MRAP an ƙera ta ne don nakiyar da aka binne a hanya. Ƙasanta a tsuke yake kamar harafin V, don ƙarfin fashewa ya watse gefe da gefe, kuma an ɗaga ta sama sosai. A Borno ta ceci rayukan sojoji. Amurka ta ba Najeriya guda 24 a 2016, a 2019 kuma aka ƙaddamar da wata irinta mai suna Ezugwu, wadda DICON, kamfanin ƙera kayan yaƙi na gwamnati, da injiniyoyin soja suka haɗa a Kaduna. Sai dai irin wannan mota kan haura tan goma sha huɗu, alhali Hilux ba ta fi tan biyu da ɗoriya ba. Kwalbatin ƙauye ba a gina shi don wannan nauyi ba. Da damina gefen hanya yana taushi, tayar ɓangare ɗaya ta nutse, motar kuma saboda tsayinta sai ta kife. Sojojin Amurka sun sha fama da haka a gefen magudanan ruwan Iraƙi. In ta kafe, taraktan gona ba zai ciro ta ba, sai janwe irin na soja. Shi kuwa ɗan bindiga a kan babur yake, ya bi burtali ya shige.

Abin da ya fi damuna shi ne kulawa, don a nan motocin ke mutuwa. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar inji cikin 'yan kwanaki. Direba ya ji mota ta rage ƙarfi, sai a cire matatar a buga ta a jikin taya. Takardarta ta tsage, yashi ya shiga inji ya cinye zoben fistin, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Ƙa'ida ita ce a hura ta da iska mara ƙarfi daga ciki zuwa waje, in ta tsage a canza. Lagireto ma ƙura da ƙaiƙayi ke toshe shi, inji ya ɗau zafi. Man dizal na jarka yakan zo da ruwa. In ba a tsiyaye ruwan daga matatar mai kowace safiya ba, nozul mai fesa mai cikin inji ne zai tafi, kuma ba kayan da ake samu a kasuwar Bichi ba ne. A cikin rairayi dole a rage iskar taya, a hau kwalta a mayar. Wanda ya manta, taya za ta yi zafi ta fashe.

Ra'ayina, yankin nan ya fi buƙatar babura da ƙananan motoci masu sulke mara nauyi, manyan kuma su tsaya a mahaɗar hanyoyi da inda ake zargin nakiya. Duk motar da gwamnatin Kano za ta saya wa jami'an tsaro, a rubuta a kwangilar cewa da kayan gyara da horar da kanikawa za ta zo, kuma a ajiye su kusa da inda take aiki, kada ta lalace a Shanono a jira kaya daga barikin soja na Bukavu da ke birnin Kano. Ƙananan hukumomi kuwa su zagaya da injiniyoyin soja kafin ruwa ya sauka, a tantance kwalbatin da zai ɗauki nauyi, a gyara wanda ba zai ɗauka ba.