Na biya kuɗin runduna guda, soja ɗaya aka fenta mini

Jama'a, raina a ɓace yake, kuma ba zan haɗiye wannan maganar ba. Duk mai buga Warhammer 40,000, wasan yaƙi da ake yi a kan tebur da ƙananan sojojin roba, ya san sayen sojoji shi ne mafi sauƙi a harkar. Kamfanin Games Workshop na Nottingham a gutsuttsure yake sayar da su, roba ce ruwan toka, kai za ka yanko kai da hannu da bindiga, ka manna da gam, sannan ka fenta. Kowane soja tsayinsa kusan milimita 30 ne, amma a jikinsa akwai maɗauri da aljihu da kwalkwali da fuska. Tawa rundunar ta Astra Militarum ce, kuma a wasan maki 2,000 da ake buga gasa da shi (kowane rukunin soja na da makinsa, jimillar runduna ba ta wuce haka) ina da sojojin ƙasa sama da ɗari, ga tankokin Leman Russ. Mai aikin kwana irina a nan Ingila ba shi da wannan lokacin. Shi ya sa na nemi mai fenti na haya, kamar yadda mutane da yawa ke yi.

Soja ɗaya ya fara fenta mini a matsayin samfur. Wallahi aiki ne mai kyau. Ido ya fito, lanƙwasar riga ta yi inuwa, gefen sulke ya sha haske, faifan da yake tsaye a kai har laka da ciyawa. A kan wannan muka shirya a rubuce: dukkan runduna haka za ta fito, kawunan tankoki kuma a saka musu maganaɗisu don in riƙa sauya bindiga. Na ba da rabin kuɗi kafin alƙalami, na aika masa da kayana gaba ɗaya.

Daga nan sai gafara sa, ban ga ƙaho ba. Yau mura, gobe injin feshi ya lalace, jibi ya tafi gasa. In na matsa sai ya turo hoton sojoji goma, kuma su ɗin ne dai kullum, gefen ɗauka kawai yake sauyawa. PayPal na ba mai saye kwana 180 ya shigar da ƙorafi, kuma na tabbata mutumin nan ya san lissafin sarai, domin yana amsa saƙo da fara'a har wa'adin ya cika, daga ranar kuma sai ya koma amsawa in ya ga dama. Ana cikin haka kamfanin Games Workshop ya sauya makin rukunonin sojoji kamar yadda ya saba yi lokaci-lokaci, jerin rundunar da na tsara ya tashi daga daidai tun ban ɗora shi a tebur ba.

To, kaya sun iso. A kwali aka zubo su da tsohuwar jarida, babu soson da ake yanka wa kowane soja gurbi. Bakin bindigogi sun karye, eriyoyi sun zube a gindin kwali. Wannan ma da sauƙi, gam zai gyara. Abin da ya ƙona mini rai shi ne fentin. Bai tsinka shi da ruwa ba, ya lafta shi da kauri har fuskoki sun shafe, babu ido babu baki. Layin nan da ke fitowa a jikin roba daga wurin zubi, wanda ko ɗan koyo ya san ana kankare shi da wuƙa kafin a taɓa buroshi, yana nan raɗau a kan kwalkwali da ƙafa. Rabin sojojin korensu ya yi duhu, rabi ya yi haske, alamar fentinsa ya ƙare a tsakiya ya ci gaba da wani bai damu ba. Tankoki kuwa ya fesa musu man kariya na ƙarshe cikin danshi, duk sun yi fari-fari kamar an barbaɗa musu gari. Kawunansu ya manne da gam ɗin roba, wanda narkar da robar yake yi ta haɗe, ba a raba ta sai da zarto.

Da na yi magana, ka san me ya ce? Wai daga nisan taku guda babu mai lura, kuma sun cika matakin Battle Ready, wato mafi ƙarancin fentin da ake buƙata, za su ba ni makin nasara 10 da ake ƙara wa runduna mai fenti a gasa. Haba malam! Ai tun 2019 da fentin Contrast na kamfanin Games Workshop ya fito, kowa na iya kai wannan matakin da shafa ɗaya. Da shi nake so, da ban biya ninki ba. Samfurinsa na hannuna, na jera shi da sauran, ko yaro ya kalla zai ce ba hannu ɗaya ba ne. Wannan ba kuskure ba ne, yaudara ce: a ƙawata ɗaya don a karɓi kuɗi, a watsar da ɗari.

Yanzu gyara ya koma kaina. Sai na jiƙa kowane soja a sinadarin cire fenti, in bi shi da buroshin haƙori ɗaya bayan ɗaya, wato ainihin lokacin da na biya don kada in kashe, har da ƙari.

Dokar kare masu saye ta Birtaniya ta 2015 ta ce mai aikin haya dole ya yi shi da kulawa da ƙwarewa, cikin lokaci mai ma'ana, in ya gaza ya sake ko ya rage kuɗi. Sakewa kam ba zan ƙara danƙa masa kayana ba. Na rubuta masa takarda, na haɗa da yarjejeniyarmu da hotunan samfur da na abin da ya aiko, na ba shi kwana 14 ya dawo da kuɗina. In bai yi ba, kotun ƙananan ƙararraki na sauraron bashin da bai wuce fam 10,000 ba, kuma can za mu haɗu.