Iyaye, yaushe rabonku da makarantar 'ya'yanku?

Jiya bayan La'asar na bi ta ƙofar wata Islamiyya a unguwarmu, na tarar da wani bawan Allah yana ta balbale malami da faɗa a gaban ɗalibai, wai don an sa ɗansa ya durƙusa. Da shugaban makarantar ya fito ya tambaye shi ajin da yaron yake, wallahi sai ya yi tsuru-tsuru. Yaron ne ya ba da amsa.

'Yan uwa, mu ji tsoron Allah. Da yawanmu ba a ganin ƙeyarmu a makaranta sai ranar faɗa ko ranar walimar sauka. Ranar walima kam ba a barinmu a baya, ga anko, ga rumfa, ga mai hoto. To duk shekarun da yaron ya yi yana fama daga Sabbi zuwa izu sittin, ina muke? Takardar taron iyaye da malamai takan kwana a jakar yaro har ta yage. Uwa ta ce babansu ya je, uba ya ce ai harkar yara ta mata ce. Ƙarshe ba wanda ya je.

Malam ba ya duba, bai san gaibu ba. Aji cike maƙil, awa biyu kawai yake da su. Ta ina zai san ɗiyarki sikila ce, ba ta jure tsayuwa a rana? Ta ina zai san yaron nan kunnensa ɗaya ba ya ji sosai, shi ya sa ake biya masa karatu ba ya kamawa? Ko ya san uwarsa ta fita, a hannun matar uba yake, kuma bai karya ba ya fito? Ba ku faɗa ba. Sai a yi ta ce masa daƙiƙi ana zane shi, alhali magana ɗaya daga bakinku ta isa ta raba shi da wannan wahala. Wannan alhakin a wuyan wa?

Haka shi ma malam akwai abin da ya sani wanda ba ku sani ba. Ya san ranakun da yaro ya fito da jaka amma ya zarce gidan kallon ƙwallo. Ya san da wa yake yawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne zagin malami a gaban yaro. "Rabu da malamin nan naku, me ya sani?" Haba Hajiya! Gobe kuma ki tura shi ya zauna gaban mutumin, kina neman albarkar karatu? In malam ya yi ba daidai ba, kuma yakan yi, a same shi a keɓe, a yi magana ta mutunci. Iyayenmu kuɗin Laraba ba ya wuce su duk talaucinsu, mu kuwa kuɗin wata sai an koro yaro, amma data ba ta yanke mana.

Malamai, ku ma kada sai bin bashi ko kawo ƙara ne zai sa ku kira mu. Ranar da yaro ya yi ƙoƙari, a faɗa mana.

Don Allah Alhaji, makon nan ka je da ƙafarka. Ku gaisa da malam, ka karɓi lambarsa, ka tambaye shi inda karatu ya tsaya. Kada ka aiki wan yaron, kai ake nema. Don Allah ka je.

Allah Ya shirya mana zuri'a.