Wanda aka ce masa ya makara

'Yan'uwana matasa, akwai maganar da ta yi yawa a bakinmu: "Ai ni lokaci ya wuce ni." Wanda yajin aikin jami'a ya cinye wa shekaru yana faɗa, wadda aure da raino suka tsayar tana faɗa, har ɗan shekara 27 za ka ji yana magana kamar an gama rabo ba ya nan. Maganar tana damuna ƙwarai, shi ya sa nake so mu dubi rayuwar wani dattijo Ba'amurke masanin kimiyya, John Goodenough, wanda ya rasu ranar 25 ga Yuni 2023, saura wata guda ya cika shekara 101.

Yana yaro karatu ya ba shi wuya, haruffa suna rikice masa a ido. Da naci ya kai Jami'ar Yale ya karanta lissafi. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke shi, ya zama sojan Amurka mai hasashen yanayi a tsibiran Azores, yana duba sararin sama saboda jiragen da ke tsallaka Tekun Atlantika. Da aka sallame shi a 1946 ya nufi Jami'ar Chicago don karatun kimiyyar fiziks, yana ɗan shekara 24. A wurin rajista wani malami ya ce masa bai gane wa tsoffin sojoji ba, domin duk wanda ya taɓa yin abin kirki a wannan fanni ya riga ya yi kafin ya kai shekarunsa.

Ku tsaya nan tukuna. Da yawanmu da an faɗa mana haka, daga ranar mun naɗe tabarma, mu yi ta ba da labarin malamin da ya kashe mana gwiwa har tsufa. Shi kuwa ya zauna ya yi digirinsa na uku, ya gama a 1952. Ya shafe shekara 24 a ɗakin bincike na Lincoln da ke ƙarƙashin MIT, wata jami'ar kimiyya da fasaha a Amurka, yana aiki a kan ma'ajiyar bayanan kwamfuta, inda masana kaɗai suka san sunansa.

Sai a 1980, bayan ya koma Jami'ar Oxford a Ingila, yana dab da shekara 60, shi da abokan aikinsa suka gano cewa haɗin sinadaran lithium da cobalt yana ba batir ƙarfin kusan volt 4, abin da ya zarce na baya nesa. A kan wannan kamfanin Sony ya fitar da batirinsa kasuwa a 1991. Wayar da ke hannunka yanzu, jikar wannan aikin ce ke riƙe da cajinta. Kuma bai ci kuɗin mallakar fasahar ba, ya sa hannu ya bar wa wata cibiyar binciken gwamnatin Birtaniya. Mu da ko taimakon maƙwabci sai mun tambayi "nawa ne nawa?", ya kamata wannan ya sa mu ji kunya.

Da ritayar dole ta matso a Oxford, ya tattara ya koma Jami'ar Texas a 1986. A can, a 1997, ɗakin bincikensa ya fito da haɗin lithium da ƙarfe da fosfet, irin wanda ke cikin yawancin batiran sola na lithium da ake kafawa a gidajenmu da shagunanmu yau. Lambar Nobel ba ta zo ba sai 2019, yana da shekara 97, kuma ba a taɓa ba wanda ya kai shi tsufa ba.

Kirista ne mai riƙo da addininsa, bai taɓa ɓoye hakan don kada a ce masanin kimiyya ya cika ibada ba. Wannan ma abin lura ne gare mu, Musulmi da Kirista, domin wasunmu da sun shiga aji uku a jami'a sai su fara jin nauyin a gan su a sahu ko a coci. Matarsa Irene, wadda ya aura a 1951, ciwon mantuwa ya kama ta a ƙarshen rayuwarta, ya tsaya mata har ta rasu a 2016, bayan shekara 65 suna tare. A lokacin ya haura 90, kuma yana zuwa ɗakin bincike yana duba aikin ɗalibansa.